Robar Lemon Anti Zulai

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ki Lokoja lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a garin da ba ki san kowa ba. Na sa miki wannan takarda a ƙasan jakarki don ki karanta bayan kin huta. Labarin gida za ki riƙa jin sa a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar da kika dawo daga sansanin masu bautar ƙasa kika ce an saka ki a rukunin da za su riƙa wayar da kan jama'a a kan shaye-shaye, na ga murna a fuskarki. Kika ce ai ke gado kika yi, tunda Ummanki ta yi shekara da shekaru a wannan aiki. Murmushi kawai na yi. Abin da kika sani shi ne hotunan da ke rataye a falo. Abin da ba ki sani ba ya fi yawa, kuma ba na so ki je garin mutane ki maimaita ɓarnar da na yi da kyakkyawar niyya.

Rabin labarin nan ba nawa ba ne, na ƙanwata Zulai ne, don haka sai da na je na nemi izininta. Na same ta tana tsefe kan wata yarinya. Ta ce in rubuta, amma in faɗi nawa yadda zan faɗi nata. Kina makarantar kwana lokacin da abin ya faru, aka ce miki taifot ne ya kwantar da Antinki. Ba taifot ba ne.

A shekarun nan ina koyarwa a firamare a Sabon Gari. Kullum da safe nakan taka daga gida in bi ta shataletalen Bata, kuma kullum sai na ga kwalaben maganin tari a zube cikin kwata, wasu ma a bakin katangar makarantarmu. Na kai maganar Islamiyyarmu ta matan aure. Aka yi ta salati, kowa ta kawo labarin ɗan wane da ɗan wance, daga nan muka kafa ƙungiya. Aka ba ni shugabanci saboda ni malama ce, bakina ba ya rawa a gaban jama'a. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin kujerar nan.

Abu na farko da muka yi shi ne gangami. Muka shiga kasuwar Kwari muka yanko yadi, aka ɗinka mana hijabai iri ɗaya. Muka nemi izinin mai unguwa, muka ɗauko a-kori-kura aka ɗaura mata lasifika, yara suka rubuta mana kwalaye. Muka taso daga layinmu, muka bi ta bakin Kwari har Bata. 'Yan dako suka tsaya da kaya a ka suna kallonmu, 'yan kasuwa suka leƙo suka koma awon yadinsu. Samarin da muka fito dominsu kuwa, tun da suka ji lasifika suka sauya wurin zama. Da yamma hotuna suka cika wayoyi, wani ɗan jarida ya naɗi muryata, na kwanta ina jin mun gama da shaye-shaye a Fagge. Ranar da na koma makaranta, kwalaben suna nan a inda na saba ganinsu.

Ban ce kada ku yi gangami ba. Ku yi, yana sa mutane su san da ku. Amma kafin ku ɗinka riga ko ku hayo lasifika, ku zauna ku tambayi kanku: idan wani ya ji mu yau, gobe ya zo ya ce yana so ya daina, ina za mu kai shi, wa zai karɓe shi? Mu ba mu taɓa yin wannan tambaya ba. Da wani ya tare ni a Bata ranar ya ce ga shi ya zo, da wa'azi kawai zan ƙara masa.

A filin makarantar da muka rufe taron ne na yi maganar da har gobe take damuna. Na ce na ji ana cewa har matan aure sun shiga shan maganin tari. Na ce duk macen da ta kai kwalbar nan bakinta ta zubar da mutuncin gidansu, ba ta cancanci a kira ta uwa ba, kuma ko uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ba ni ba ita. Aka yi kabbara, aka tafa. Zulai tana cikin taron, sanye da hijabin ƙungiya, tana raba wa mutane ruwan leda. Kafin a tashi ta zo ta ce kanta yana ciwo, za ta wuce gida. Na ce ta sha magani ta kwanta.

Kin san ni na riƙe Zulai bayan rasuwar Innarmu, a ɗakina aka yi mata lalle. Mijinta Sani mai sayar da shadda ne a Kwari, mutum mai sanyin hali, ba ta rasa ci ba ta rasa sha. Tana kitsonta a gida, mata har layi suke yi. Suna da Amira, tana 'yar shekara uku a lokacin. Sai ta samu ciki na biyu, aka yi mata tiyata aka ciro namiji, bai kai ga suna ba ya koma. Muka taru muka yi mata gaisuwa, kowa ya ce ta yi haƙuri, ni ma na ce ta yi haƙuri, da kwanakin zaman makoki suka ƙare muka watse. Ashe tun daga nan barci ya ƙaurace mata. Wata mai zuwa kitso ce ta ga yadda idonta ya faɗa, ta miƙa mata robar lemo, ta ce ta kurɓa za ta samu barci. An haɗa lemon da maganin tari mai kodin. Ta samu barcin. Bayan 'yan watanni, ba ta iya riƙe matsefi sai ta kurɓa.

Na ga alamu, Nafisa. Na ga maganarta ta yi nauyi, na ga tana gyangyaɗi da rana tsaka, na ga robar lemo ba ta rabuwa da jakarta. Na ce a raina ai baƙin ciki ne, har na gode wa Allah da ta daina kuka. Ina can ina ƙirga 'ya'yan mutane a bakin titi, ban kalli wadda ke zaune a tabarmata ba.

Bayan gangamin da ɗan lokaci, wata mata ta zo ta same ni a ofishin malamai. Sunanta Rifkatu, nas ce, 'yar Wusasa ta Zariya, tana zaune a Sabon Gari, kuma 'ya'yanta biyu sun bi ta ajina. Sista muke kiranta. Ta ce ta ji muryata a rediyo, kuma ƙungiyar matan cocinsu ta daɗe tana fama da wannan matsala, me zai hana mu haɗa hannu. Na dube ta na ce ai daga unguwarsu ake sayo kayan, su fara rufe kemis-kemis ɗinsu tukuna. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malama," in ji ta, "ana sayarwa a layinmu, ana sayarwa a layinku. Ɗan yayana muka binne, shi ya sa na zo."

Ta ce duk ranar da na sake shawara, na san gidanta. Ta yi mini sallama ta fita. Gaskiyar magana ba kemis ne ya dame ni ba. Ina tsoron abin da matan Islamiyya za su ce idan suka gan ni da matan coci, kuma ba na so a raba shugabancin biyu. Inda za ki je, za ki tarar da mutanen da ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, sun riga ku fara aikin, sun san lungunan da ba ku sani ba. Ku neme su tun kafin su neme ku. Idan kuka ji wani a cikinku yana cewa wata unguwa ce ko wata ƙabila ta kawo annobar, ku tsayar da shi a nan, don daga ranar da kuka yarda da wannan magana kun daina duba gidajenku.

Wata Asabar bayan azahar ina wanki a tsakar gida, sai ga Zulai ta faɗo ko mayafi babu, Amira a hannunta an naɗe ta da zanin goyo. Yarinyar ta saki jiki gaba ɗaya, leɓenta ya sauya launi, numfashinta sai an kasa kunne. Na yayyafa mata ruwa, na tofa mata addu'a, ba ta motsa ba. Na tambayi Zulai me ya same ta, ta ce ita ma haka ta gan ta. Abbanki yana kasuwa. A duk lambobin da ke wayata, ma'aikaciyar lafiya ɗaya ce na sani, ita ce matar da na kora daga ofis. Na kira ta. Ba ta tambaye ni komai ba sai yadda yarinyar ke numfashi. Ta ce kada mu ɗura mata manja ko madara, mu kwantar da ita a gefenta, mu hau adaidaita zuwa asibiti, za ta riga mu isa bakin ƙofa.

Ta riga mu kuwa, da silifas na wanka a ƙafarta. Ta buɗe idon Amira ta duba, ta juyo ta tambayi abin da ta sha. Na ce ba ta sha komai ba, gidan ƙanwata ba a ajiye irin waɗannan abubuwa. Sista ba ta ko kalle ni ba. Ta dafa kafaɗun Zulai.

"Ƙanwata, nan ba wurin 'yan sanda ba ne. Likita yana bukatar ya san abin da ta sha, kuma yanzu yake bukata."

Zulai ta kalle ni. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idon mutum ba, kuma ni take tsoro. Sannan ta warware zanin goyon, ta ciro robar lemon da ta ɓoye a ciki, saura kaɗan a gindinta, ta miƙa wa Sista ta faɗi abin da aka haɗa a ciki. Ta ajiye ta ne a gefen katifa ta shiga banɗaki, yarinya ta ga lemo ta ɗauka.

Allah ya yi Amira tana da sauran kwana. Ma'aikatan asibitin suka shige da ita, mu kuma muka zauna a benci a baranda. Da la'asar Sista ta leƙo ta ce Amira ta farfaɗo, tana kiran Mama. A nan ne Zulai ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Yaya, ranar gangamin nan, da niyyar in faɗa miki na fito daga gida. Na ce idan an tashi zan ja ki gefe. Sai kika yi jawabi."

Tsakanin gangamin da ranar asibitin akwai watanni. Duk abin da ta sha a watannin nan, da abin da Amira ta sha, ina da kaso a ciki. Don haka duk lokacin da aka miƙa miki abin magana, ki ɗauka cewa mutumin da kike magana a kansa yana zaune a sahun gaba, sanye da rigar ƙungiyarku, kuma yana auna ko zai iya zuwa wurinki bayan an tashi. Ki faɗi illar ƙwaya ƙarara, kada ki rage komai. Amma kada ki zagi mai sha. Waccan magana da na yi ta ba ni ba ita, na janye ta a kan Zulai, kuma ki sani babu ita a kanki. Idan wata rana kaɗaici ko rashin barci ya kai ki inda ba ki zata ba, ni za ki fara kira.

Za ki zaci na yi hankali daga nan. Ban yi ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne sunan gidanmu da sunan ƙungiya. Na ce wa Sani yarinya ta sha maganin da aka bari a sake ne, Zulai kuma taifot ya kama ta, zan riƙe ta a wurina. Na kai ta ɗakin ƙurya, na kwashe jakarta da wayarta, na sa kwaɗo. A tunanina idan ta rasa abin, dole ta haƙura. Kwana biyu ba a yi ba ta fara zufa da amai da gudawa, ƙafafunta suna murɗewa, tana buga ƙofa tana roƙona da sunan Innarmu. Na ba ta rubutu, na yi mata tofi. Wata a ƙungiyarmu, wadda na ce wa wata 'yar uwa ce daga ƙauye, ta ba ni labarin wani gida da ake ɗaure masu shaye-shaye da mari har su shiryu, kuma wallahi na fara tunanin kai ta. Abbanki ne ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce ba a gidansa ba. Ya ce in kira matar nan da ta ceci Amira, ko shi ya je ya nemo ta.

Sista ta zo Fagge da yamma bayan ta tashi daga aiki. Ta sa na cire kwaɗon, ta zauna a tabarma kusa da Zulai tana goge mata fuska. Ta ce mini jikin da ya saba da abin nan ba a yanke masa rana ɗaya a ɗaki, akwai likitocin da aikinsu ke nan, kuma akwai masu zama su saurari mutum, don abin da ya hana ta barci tun farko yana nan ba a taɓa shi ba. Ta ce mu ci gaba da addu'a, ita ma za ta yi irin tata, amma gobe a je asibiti. Kuma ta ce Sani ya kamata ya sani, daga bakin matarsa, ba daga nawa ba.

Zulai ta faɗa masa a falonmu, ina daga tsakar gida. Ya fito ya wuce ni, ya tafi. Na ce shi ke nan, aure ya mutu. Bayan magariba sai ga shi ya dawo da kayan sawarta a leda. Ya ce mini abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kowa ya sani sai shi. Ya ce ya sha ganin ta tana kuka bayan rasuwar jaririn, ya rasa abin da zai ce mata, sai ya riƙa sammakon tafiya kasuwa. Daga ranar, duk lokacin da likita ya sa mata, shi yake barin shago ya kai ta da kansa.

Ku 'yan ƙungiya ba likitoci ba ne, kada ku mai da kanku likitoci. Aikinku ku san hanyar asibitin, ku san wa ake gani a ciki da ranar da yake zama, ku raka mutum idan kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai. Duk wanda ya ce muku yana warkar da shaye-shaye da bulala ko sarƙa, ku nisanta mutanenku da shi, ko da wane irin rawani ya zo.

Na je gidan Sista a Sabon Gari na ba ta haƙuri. Ta kawo mini kunun aya mai sanyi, ta ce maganar ta wuce, yaushe za mu fara zama. Muka fara haɗuwa a wani aji a makarantarmu ranar Asabar, matan Islamiyya a ɓangare ɗaya, matan coci a ɗaya, kamar an ja layi. Wasu daga cikin namu suka daina zuwa. Limamin masallacinmu, Allah ya saka masa, ya ce mu ci gaba, har ya karɓi shawarar Sista ya riƙa faɗa a huɗuba cewa wanda ya faɗa wannan hali mara lafiya ne, iyalinsa su kai shi asibiti, ba abin kunya ba ne. A hankali layin nan na cikin aji ya ɓace.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne muni. Zulai ta samu sauƙi, ta yi ƙiba, ta koma kitsonta. Sai aka gayyace mu wani babban taro, da manyan baƙi a kan tebur, aka ce in yi bayanin nasarorin ƙungiya. Ina so su san ba hotuna kawai muke ɗauka ba. Sai na ba da labarin wata baiwar Allah mai kitso, wadda ta rasa jariri, 'yarta ta sha lemonta, muka ceto ta. Ban faɗi suna ba, na ɗauka na rufa asiri. Mai kitso nawa ce a layinmu ta rasa jariri a shekarar? Kafin in iso gida labari ya riga ni. Mata suka janye 'ya'yansu daga zuwa kitso. A Kwari wani maƙwabcin shagon Sani ya tambaye shi cikin raha ko madam ta farka. Aka fara kiran Amira 'yar mai lemo.

Zulai ta koma sha. Sani ne ya zo ya faɗa mini a zaure, ya ƙi shigowa ciki. Ya ce ta ce in yi mata arziki kada in taka gidanta. Ya sake ɗaukar ta zuwa asibiti, aka koma farko. Azumi ya zo ya wuce, aka yi ƙaramar salla, aka yi babba, ƙanwar da na goya ba ta ɗaga wayata. Idan na aika da abinci, a dawo da kwanon a wanke, babu saƙo.

Nafisa, za a nemi ku kawo shaida. Masu ba da tallafi suna son labari mai sa hawaye, kuma za ki ji labarai irin waɗannan, don mutane za su yarda da ke. Labarin mutum nasa ne. Cire suna ba ya isa, unguwa ta fi ki sanin mutanenta. Idan mai labarin bai tashi da ƙafarsa ya ce zai faɗa ba, ki bar shi a cikinki, ko da za a ce ƙungiyarku ba ta yi komai ba.

Na ajiye shugabancin bayan wannan. Aka zaɓi wata matashiya mai ɗinki daga ɓangarenmu da wata malamar makaranta daga ɓangaren su Sista suka riƙe tare, kuma sun fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Abin da ya sauya aikin ƙungiyar daga wurin Zulai ya fito, ba daga wurina ba. Bayan ta sake miƙewa, wata mata ta zo mata kitso alhali kanta sabon kitso ne, ko tashi bai yi ba. Zulai ta gane, ta zaunar da ita ta fara tsefewa, ba ta tambaye ta komai ba. Mai kitso a bayanki take zama, ba sai kin kalli idonta ba. Ana cikin yi matar ta ce ta ji abin da ake faɗa a kan Zulai, ita ma haka take, kuma ko mijinta bai sani ba. Zulai ta raka ta wurin Sista. Sai ga wata, sai ga wata. Daga baya Zulai ta ce mini kada in kuskura in ɗauka tonon asirin da na yi mata ne ya zama alheri. Ta ce alherin na Allah ne, laifin nawa ne, kowanne yana wurinsa.

Ita ta ba ƙungiya shawarar a tara masu kitso da masu lalle da teloli mata na Fagge da Sabon Gari, Sista ta koya musu alamomin da za su lura da su, da yadda ake buɗe magana ba tare da an kunyata mutum ba, da inda ake turawa. Daga nan aka je wurin shugabannin masu adaidaita na tashar Bata, aka zauna da su a kan matasansu masu haɗiyar tiramol don su jure aiki. Aka samu mai horar da 'yan ƙwallon unguwa, wanda samari ke jin maganarsa fiye da ta iyayensu. Har masu kemis aka gayyata, ba don a zage su ba, kuma wasu daga cikinsu sun fi mu jin haushin masu ɓata musu sana'a. Ki lura, duk mutanen nan suna nan tun ranar da muka hau a-kori-kura. Ba mu gan su ba ne saboda ba su da hijabin ƙungiya. Idan kun isa unguwar da aka tura ku, ku tambaya wa mata ke zama a gabansa su saki baki, wa samari ke taruwa a wurinsa. Ku fara da waɗannan, ku saurare su kafin ku koya musu komai.

Kada ki zaci kullum ana nasara. Akwai yarinyar da muka yi ta fama da ita, aka wayi gari ta rasu a ɗakinta. Akwai shagon da aka rufe, ya sake buɗewa a wani layi da sabon fenti. Ke shekara ɗaya za ki yi ki taho, don haka duk abin da za ku fara, ku ɗora shi a hannun 'yan garin tun daga ranar farko.

Ni da Zulai kuwa, wata Juma'a da hantsi sai ga ta ta yi sallama, Amira tana biye, matsefi da man kitso a leda. Ta ce ta ji an ce kaina ya zama abin tausayi, in zauna. Na zauna a tsakanin ƙafafunta. Ta ja gashin nan da ƙarfin da ba ta taɓa ja wa kowa ba, har hawaye suka zubo mini, na daure. Da ta gama ta ɗaura mini ɗankwali, ta tambaya ko akwai sauran tuwo.

Zaman kitson da kike gani ana yi a gidanmu ranar Laraba, wanda kike tsokanar Antinki cewa ta mai da mana gida shago, ba kitso ne kaɗai ba. Wasu kitson ne ya kawo su, wasu ba shi ba ne, kuma da gangan aka gauraya su don kada a gane. Sista takan biyo idan ta tashi daga aiki. Aikina a ciki shi ne in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in riƙe yaran da suka zo da su, in koya musu karatu, in dafa shayi. Ba na shiga ɗakin, ba na tambaya. Larabar da ta wuce, wata mata da ta daɗe tana zuwa ta zo ɗaukar ɗanta za ta tafi. Ta durƙusa tana sa masa takalmi, sai ta ce da ni a hankali, "Umma, ki sa ni a addu'a, na fara yin barci ba tare da shi ba." Na ce Allah ya ɗore, ya ƙara lafiya. Ta goya ɗanta ta fita. Ban san sunanta ba, ban san layinsu ba, kuma na sa ta a addu'ar.

Allah ya tsare mini ke, Nafisa, ya tsare mutuncinki da lafiyarki da imaninki. Ya sa harshenki ya zama sanyi ga wanda ya zo miki da damuwa, ya ba ki cikin da zai riƙe amanar mutane. Ya kare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mugun aboki, ya dawo mana da ke lafiya kamar yadda kika tafi. Abbanki yana sa miki albarka, ni ma na sa miki, duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Taki har kullum,
Ummanki.